Waiwaye: Dogon Turanci da Ƙurar da ke Bayansa

Duk wanda ya yi sakandare a zamanin da ƙungiyar muhawara ke tashe zai tuna da wani ɗan littafi da ɗalibai ke yawo da shi a aljihu. Malami bai sa a saye shi ba, kuma ba ya duba shi. A cikinsa ake tara manyan kalmomin Turanci, waɗanda aka tsinto daga ƙamus, ko daga jarida, ko daga bakin wani yaya da ya dawo hutu daga jami'a. Ranar muhawara sai yaro ya miƙe, ya gyara wuyan riga, ya saki ɗaya daga ciki, ɗakin taro ya kaure da tafi da sowa. Alƙalan gasa su yi murmushi su ba da maki. Ba mai tambayar me aka ce, domin a wancan lokaci da tsawon kalma ake auna ilimi.

Kalmomi uku ne sarakunan wannan littafi. Akwai antidisestablishmentarianism mai haruffa 28. Akwai floccinaucinihilipilification mai 29. Sai uwa uba pneumonoultramicroscopicsilicovolcanoconiosis mai haruffa 45, wadda duk wanda ya furta ta bai sarƙe ba ake yi masa kallon shehi har ƙarshen zango. Kowace daga cikin ukun nan tana da tarihi, tana da dalilin da ya sa aka ƙera ta, tana kuma da 'yan'uwa da suka yi tarayya da ita a haruffa da ma'ana. Ba a gaya mana ko ɗaya ba. An bar mu da hadda, mu kuwa muka yi ta yi.

Mu fara da mai 29, don ta fi ban dariya. Ana danganta asalinta da makarantar Eton ta Ingila, inda 'ya'yan sarakuna da na attajirai ke karatu. A littafin nahawun Latin da ake koya musu akwai jerin wasu ƙananan kalmomi na nuna raini: flocci, ɗan ɓurɓushin ulu, nauci, abin da bai kai a kula shi ba, nihili, ba komai, pili, silin gashi guda. Wani mai tsokana ya ɗinke huɗun wuri ɗaya, ya liƙa musu -fication a ƙeya, wato aikata abu. Ma'anar kalmar gaba ɗaya ita ce ɗaukar abu a matsayin banza. Harafin i ya fito sau tara a cikinta, babu e ko ɗaya, duk don a ce an raina abu. Rubutu mafi daɗewa da aka tsince ta a ciki wata wasiƙa ce ta mawaƙi William Shenstone a 1741, kuma tun daga lokacin ado kawai ake yi da ita. A Fabrairun 2012 Jacob Rees-Mogg, shi ma tsohon ɗalibin Eton, ya furta ta a zauren majalisar Birtaniya yana sukar alƙalan Tarayyar Turai, jaridu suka yi ta yayatawa. A 2018 Shashi Tharoor, ɗan majalisar Indiya, ya jefa ta a Twitter yana tallar littafin da ya rubuta a kan Narendra Modi. Mutane sun tafi da kalmar, sukar alƙalai kuwa ta bi iska.

Mai 28 ta fi ta mutunci, domin akwai rigimar gaske a bayanta. A Ingila gwamnati tana da cocinta. Har gobe sarki ne shugaban Cocin Ingila, kuma an ware wa bishop 26 kujeru a majalisar dattawa. Wannan tsari na kafa coci a matsayin na hukuma shi ake kira establishment. A ƙarni na 19 aka taso da neman raba gwamnati da coci, musamman a Ailan, inda akasarin jama'a 'yan Katolika ne amma cocin hukuma na Angilika ne. Firaminista William Gladstone ya sa majalisa ta yi dokar rabawar a 1869, ta fara aiki a 1871, yankin Wales ya biyo baya a 1920. To, a dubi yadda kalmar ta ginu. Establish, kafawa. A sa dis- a goshi, ta koma rushe abin da aka kafa. A ƙara -ment a ƙeya, ta zama sunan aikin rushewar. Da -arian an sami mai goyon bayan rushewar, da anti- an sami mai adawa da shi, da -ism kuma an sami aƙidar mai adawar. Wato dai ra'ayin masu cewa a bar coci a hannun gwamnati. Jirgin ƙasa ne mai kai ɗaya da taragai biyar, kuma kowane tarago za ka gan shi a jikin wasu ɗaruruwan jirage: anti- yana cikin antibiotic da antivirus, dis- yana cikin disconnect da disqualify, -ism yana cikin capitalism da tribalism. Yaron da aka kwance masa kalmar haka sau ɗaya ya sami mabuɗin kalmomi masu ɗimbin yawa. Wanda aka bari da hadda ya tashi da kalma ɗaya tal, wadda ba zai taɓa buƙatarta ba. Ko masu ƙamus na Merriam-Webster sun ƙi ba ta gurbi, hujjarsu ita ce da wuya a same ta a rubutu tana aikin ma'anarta, sai dai a kawo ta a matsayin misalin doguwar kalma. Shahararta a Amurka ma ta ƙaru ne a 1955, lokacin da wata yarinya 'yar shekara 12 daga Baltimore ta rattaba haruffanta daidai a wata gasar talbijin.

Abin takaici, wannan dabarar kwance kalma ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Duk wanda ya zauna gaban malamin zaure ya taɓa sarfu ya san kalmomin Larabci dangi-dangi suke, kuma galibi baƙaƙe uku ne ke haɗa dangin. Hukunci, hukuma, hakimi da hikima, waɗanda yau Hausa ta mallake, duk daga tsatso ɗaya suka fito, h-k-m. Ilimi da malami gidansu ɗaya. A Hausar kanta, ɗan firamare ya san ma- a goshin kalma yana nuna wuri ko mai yi ko abin yi: makaranta, maƙera, marubuci, mabuɗi. Masana nahawun Hausa ma sun raɗa wa irin waɗannan gutattsari sunaye masu daɗi, ɗafa-goshi da ɗafa-ƙeya. Sai ga shi mun shiga ajin Turanci mun baro wannan basira a gida. Ban ga laifin ɗalibai ba. Salon koyarwar ne ya ɗauki kalma a dunƙule, a rubuta ta a allo, a faɗi ma'ana, a wuce. Malamin Turancin da zai ware darasi ɗaya a mako don ɗafa-goshi da ɗafa-ƙeya na Latin da Girkanci zai yi wa ɗalibansa alherin da jerin kalmomin hadda na shekara guda ba zai yi musu ba, musamman masu niyyar karatun likita ko lauya.

Me ya sa ma Turanci ya tara dogayen kalmomi haka? Turancin asali, na manoma da masunta, gajere ne: bread, house, milk, sleep. A 1066 William na Normandi ya ci Ingila da yaƙi, Faransanci ya zama harshen fada da kotu na kusan shekara 300, Latin kuma yana riƙe da coci da makaranta. Shi ya sa har yau abu ɗaya kan sami suna uku, kowane da matsayinsa. Maƙwabcinka zai yi ask, malami ya yi question, ɗan sanda ya yi interrogate. Duka tambaya ce, amma gwargwadon ikon mai yin ta gwargwadon tsawonta. A ƙarni na 16 malamai suka shiga kwaso kalmomin Latin da Girkanci ba ji ba gani, har masu adawa suka laƙaba musu inkhorn terms, kalmomin kurtun tawada, waɗanda ba su da gida sai bakin alƙalami. Cikin masu adawar har da Sir John Cheke, farfesan Girkanci a Jami'ar Cambridge, mutumin da ya san rumbun da ake ɗebo su ciki da bai. Ƙorafin ma ya girmi Turanci. Tun kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam, mawaƙin Rum Horace ya yi ba'a ga kalmomi masu tsawon ƙafa ɗaya da rabi, kuma daga ba'ar tasa Turanci ya samo sesquipedalian, doguwar kalma da ake zagin dogayen kalmomi da ita. Daga baya wasu suka ɗora mata dorina da dodo, suka fito da hippopotomonstrosesquippedaliophobia mai haruffa 36, wai tsoron dogayen kalmomi. Raha ce kawai, babu likitan da ke rubuta ta a katin majiyyaci.

Amma kada a yi musu kuɗin goro. Akwai dogayen kalmomin da ke cin guminsu, kuma asibiti ne babban gidansu. A can, haruffan da kalmomi suka yi tarayya a kai su ne ke ɗauke da ma'ana. Duk inda ka ga -itis, kumburi ake nufi: meningitis shi ne sanƙarau, kumburin fatar da ta lulluɓe ƙwaƙwalwa da laka, hepatitis kumburin hanta, arthritis na gaɓoɓi. Inda ka ga -aemia, maganar jini ce. Akwai kuma wasu ƙeyu uku da ya kamata duk mai zuwa asibiti ya sani: -oscopy leƙawa da na'ura, -otomy tsagawa, -ectomy cirewa. Matar da ta ga hysteroscopy a takardarta, leƙa mahaifarta za a yi. Wadda ta ga hysterectomy, cire mahaifar za a yi, kuma ta gama haihuwa ke nan. Sau nawa ake miƙo irin wannan takarda ga miji ko uba ya sa hannu yana ta gyaɗa kai? Likita nagari zai yi bayani da harshen da majiyyaci ke ji, wannan haƙƙi ne a kansa. Duk da haka wanda ya san ƙeyun nan uku ya san tambayar da zai yi kafin ya ɗauki biro.

Haka hyper- da hypo-, masu kama da juna a ido da kunne alhali kishiyoyi ne. Na farko yawa, na biyu ƙaranci. Hypertension hawan jini, hypotension faɗuwarsa. Mai ciwon sukari da ya galabaita saboda hypoglycaemia, sukarin jininsa ne ya yi ƙasa, abu mai zaƙi yake buƙata a take. Mai hyperglycaemia kuwa sukarin ne ya yi masa yawa. Allon da ke cewa otorhinolaryngology a ƙofar wani sashe na asibitin koyarwa, haruffa 19, ba komai ba ne illa kunne, hanci, maƙogwaro da ilimi a jere da Girkanci. Hatta pseudopseudohypoparathyroidism mai haruffa 30, sunan da likita Fuller Albright da abokan aikinsa suka ba wata larura a 1952, ba don burga aka maimaita pseudo a cikinta ba. Pseudo na nufin mai kama da abu alhali ba shi ba ne. Sun ga larurar da ta yi kama da wata, wadda ita ma da ma kama ta yi da wata, sai suka rubuta abin da suka gani.

Wani lokaci tarayyar haruffa kan haɗa abubuwan da ba a zata ba. Rhino ɗin da ke allon asibitin shi ne a rhinoceros, karkanda, mai ƙaho a hanci. Hippopotamus, dorina, dokin kogi ne a Girkanci, kuma potam ɗin da ke cikinsa shi ne a Mesopotamia, ƙasar da ke tsakanin koguna biyu, Dajla da Furat, inda Iraƙi take a yau. Sai dai a yi hattara, ba duk kama ce dangantaka ba. Anti ɗin da ke antique ba adawa ba ce, daga kalmar Latin ta daɗewa ta fito. Mafi haɗari shi ne in-, wanda a yawancin kalmomi yake kore ma'ana, kamar incorrect da invisible. Yaron da ya riƙe wannan ƙa'ida ya ga inflammable a jikin tankar mai zai ɗauka abin da ke ciki ba ya kama wuta, alhali nufin shi ne yana kamawa nan take. Wannan ruɗani ne ya sa masu kula da kariya daga gobara suka fi son a rubuta flammable kurum.

Bahaushe dai ya daɗe da yanke wa irin Turancin burga hukunci. In ya ce maka “wannan dogon Turanci ne”, ba yabonka ya yi ba, yana nufin magana ta yi tsawo babu abin kamawa. Siyasar Najeriya ta ga gwanaye a wannan fage. A Jamhuriya ta Farko an yi K. O. Mbadiwe, minista mai ƙera kalamai masu ƙara. A zamaninmu an yi Patrick Obahiagbon na jihar Edo, wanda ya zauna a Majalisar Wakilai daga 2007 zuwa 2011. Ba na musun ya san kalmomin da yake furtawa, kuma ya nishaɗantar da ƙasa. Amma cikin masu tura wa juna bidiyonsa, mutum nawa za su iya faɗin ƙudurin da yake magana a kai? A ɗaya ɓangaren akwai Abubakar Tafawa Balewa, tsohon malamin makaranta. Wanda ya saurari jawabinsa a Majalisar Ɗinkin Duniya a Oktoban 1960 zai ji jimloli a miƙe, kalmomin da ɗan sakandare zai gane, kuma shi ne aka yi wa laƙabi da mai muryar zinariya. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Su kansu masu harshen sun auna abin. A 1946 George Orwell ya rubuta wata maƙala a kan siyasa da harshen Turanci, inda ya shawarci marubuci ya guji doguwar kalma matuƙar gajera za ta wadatar, ya kuma nuna yadda 'yan siyasa ke fakewa da manyan kalmomi in suna son ɓoye mummunan aiki. A 2006 Daniel Oppenheimer na Jami'ar Princeton ya wallafa sakamakon wani gwaji: an ba masu karatu rubuce-rubuce, wasu an musanya kalmominsu da dogaye ba tare da buƙata ba, sai masu karatun suka ɗauki marubutan waɗannan a matsayin masu ƙarancin basira. Wato abin da muke yi don a ce mun sani, shi ne ke rage mana daraja a idon mai karatu.

Akwai kuma wani rukuni na mutane da ba ruwansu da burga ko asibiti, su sha'awarsu haruffan ne kawai, kuma ban ga aibin wasansu ba. Su ne suka lura cewa facetious, mai barkwanci a inda bai dace ba, da abstemious, mai kamewa a ci da sha, kowace ta ƙunshi wasulan Turanci biyar a jere, a, e, i, o, u, sau ɗaiɗai. Su suka gano uncopyrightable, abin da ba a iya yi wa rajistar haƙƙin mallaka, da dermatoglyphics, kowace haruffa 15 babu wanda ya maimaitu. Ta biyun ma kalmar aiki ce, ilimin zanen da ke fatar yatsu da tafin hannu, wanda duk mai dangwala yatsa a banki ko a rumfar zaɓe yake cin moriyarsa. Strengths haruffa tara ne da wasali ɗaya, bookkeeper kuma tana da tagwayen haruffa uku a jere. Wani abin lura shi ne, a gasar rattaba haruffa ta ƙasa da ake yi a Amurka tun 1925, ba tsawo ne ke kayar da yara ba. Doguwar kalma tana bin ƙa'ida, ana iya kwance ta. Kalmar da Zaila Avant-garde ta lashe gasar 2021 da ita, murraya, sunan wani tsiro, haruffa bakwai ne kacal.

Daga cikin irin waɗannan masu wasa da haruffa sarauniyar littafin namu ta fito. A Amurka akwai ƙungiyar masu wasan ƙwaƙwalwa da kalmomi, National Puzzlers' League, da aka kafa a 1883. A Fabrairun 1935 ta yi taro a New York, kuma jaridar New York Herald Tribune ta ranar 23 ga watan ta ba da labarin wata sabuwar kalma mai haruffa 45 da aka gabatar a matsayin mafi tsawo a Turanci. Shugaban ƙungiyar na lokacin, Everett M. Smith, shi ake danganta ƙirƙirarta da shi. In aka kwance ta, guda bakwai ce: pneumono huhu, ultra wuce iyaka, microscopic ƙanƙantar da sai da madubin likita ake gani, silico sinadarin silika da ke cikin yashi da duwatsu, volcano dutse mai aman wuta, coni ƙura, osis cuta. Cutar huhu da shaƙar ƙurar silika mai laushi ke kawowa. Dutsen mai aman wuta, a ganina, an cusa shi ne don a ƙara haruffa bakwai. Merriam-Webster ya karɓe ta a 1939, ƙamus na Oxford kuma ya shigar da ita tare da bayanin cewa ƙirƙirarriya ce. Likitoci ba su buƙace ta ba, domin cutar tana da sunanta tun kafin nan, silicosis, haruffa tara.

A nan ne waiwayen ke daina ba da dariya. A daidai shekarun da ake wannan wasa a New York, cutar mai haruffa tara tana kashe mutane a jihar West Virginia. A 1930 aka fara huda dutsen Gauley don a karkatar da ruwan kogin New River zuwa tashar lantarki da za ta ciyar da masana'antar kamfanin Union Carbide. Ramin, wanda aka sani da Hawks Nest, ya kai kimanin mil uku. Lokacin matsin tattalin arziki ne, aiki ya yi wuya, sai mazaje kimanin 3,000 suka yi tururuwa, akasarinsu baƙaƙen fata daga kudancin ƙasar. Dutsen cike yake da silika. An san cewa zuba ruwa a bakin injin huda yana kwantar da ƙura, amma yana rage sauri, sai aka yi ta huda a bushe, kuma ba a raba wa leburori takunkumi ba. Cutar da a bisa al'ada take ɗaukar shekaru kafin ta bayyana, a nan cikin watanni ta riƙa kayar da su. An binne wasu a wata gona kusa da garin Summersville, babu ko alama a kan kaburburan. Da majalisar dokokin Amurka ta yi zaman bincike a 1936, adadin mamatan da aka ambata 476 ne. Bayan shekara 50, likita Martin Cherniack ya sake bin diddigin lamarin a wani littafi na 1986, ya ƙiyasta cewa aƙalla 764 ne. Sai da abin ya fallasa sannan ministar ƙwadago Frances Perkins ta kira taron ƙasa a kan cutar.

Ban ce Smith da abokansa sun yi da mugun nufi ba. Masu wasa ne, sun yi wasansu. Abin da nake nunawa shi ne abin da ya iso gare mu da abin da bai iso ba. Kalmar ta ƙetare teku, ta shiga littattafan aljihu a Kano da Zariya da Sakkwato, ana tafa mata. Labarin ramin da mutanen da suka mutu a cikinsa bai biyo ta ba. Da wani malami ya tsaya ya kwance ta gida bakwai, da ɗalibai sun ji huhu, sun ji ƙura, sun ji cuta, kuma da wani a ajin ya tuna da babansa da ke fasa dutse a bayan gari. Tun a 1700 likitan Italiya Bernardino Ramazzini ya rubuta littafi a kan cututtukan masu sana'a, ya shawarci likitoci su riƙa tambayar majiyyaci aikin da yake yi. Shawarar ba ta tsufa ba.

Cutar kuwa tana nan. A 2018 kamfanonin haƙar zinariya shida na Afirka ta Kudu suka amince su biya diyyar rand biliyan 5 ga ma'aikatan da suka kamu da ita da tarin fuka. Daga 1 ga Yulin 2024 Ostareliya ta haramta wani nau'in dutsen ado da ake sarrafawa a masana'anta, saboda yadda yake lalata huhun matasan da ke yanka shi. Mu ma mun ga abin da ƙurar dutse ke iya yi: a 2010 ƙurar niƙan dutsen zinariya mai gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Zamfara. Waccan dalma ce, wannan silika, amma duka daga turmi da injin niƙan dutse suke tashi. A gefen garuruwanmu maza da mata har da yara suna wuni da guduma cikin farin hazo, wasu da ɗan ƙyalle a hanci, wanda ba ya tare ƙura mai wannan laushi. In tari ya kama su sai a ce tarin fuka ne kawai, alhali ƙurar ce ke buɗe masa ƙofa.

Kirana ga masu wuraren fasa dutse, da shugabannin ƙungiyoyin masu haƙar ma'adinai, da masu shirye-shiryen lafiya a gidajen rediyonmu: a gaya wa mutanen nan da Hausa cewa ƙurar dutse tana taurara huhu, kuma huhun da ya taurara babu maganin da ke mayar da shi yadda yake. A jiƙa dutse kafin a fasa ko a niƙa, a samo takunkumi na ainihi mai tace ƙura, a nisanta yara daga wurin. Wanda kuma ya yi shekaru a wannan sana'a ya fara haki ko tarin da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, ya je asibiti a ɗauki hoton ƙirjinsa, kuma ya faɗa wa likita aikin da yake yi ko ba a tambaye shi ba.